Garin da Dogo ya Haifa

[Kiɗan buɗe shiri]

 

Yau ba za mu yi nisa da gida ba. Duk wanda yake jin muryata daga Tudun Wada, ko Kawo, ko Rigachikun, abin da za mu tattauna yana nan shimfiɗe kusa da unguwarsa, wataƙila ma ya tsallaka shi yau da safe bai ko dube shi ba. Layin dogo nake nufi. Uwargida in ta ce za ta Bakin Dogo, tumatir da doya ne a ranta, ba jirgi ba. Sunan ya zauna a bakinmu har mun manta da abin da ya jawo shi.

Tambayar da nake so mu bi sawunta ita ce wannan: yaya aka yi garin da jirgin ƙasa ya haifa, garin da dogo ya ratsa ta tsakiyarsa daga kudu har arewa, mutanensa ba su da jirgin da zai kai su kasuwa ko wurin aiki?

Bari mu koma baya tukuna.

Kano da Zariya sun girmi jirgin ƙasa da ɗaruruwan shekaru. Da ya iso musu, a bayan ganuwa ya tsaya kamar kowane baƙo. Kaduna ba haka ba ce. A nan dogon ne ya riga garin. Kafin zuwansa akwai ƙauyukan Gbagyi a warwatse, akwai gonakinsu, akwai makiyaya masu wucewa, ga kuma kogi mai kadoji, wanda a yadda aka fi faɗa daga gare su sunan Kaduna ya fito. Amma birni dai babu.

A 1907 aka naɗa wani Bature mutumin Kanada, Percy Girouard, ya mulki Arewa. Injiniyan soja ne, kuma ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan. Shi ya tsaya a kan a ja layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, har zuwa Kano. Dalilin zaɓen Baro shi ne ruwa: in kogi ya cika, jiragen ruwa na iya hawowa da ƙarafa da kawunan jirgi su sauke a can. Daga Baro layin ya bi ta Minna, ya tsallake kogin Kaduna a daidai inda muke zaune yau, ya nufi Zariya, ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗu da shi a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya. Gadar Jebba ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan, jirgin ruwa ne ke ɗaukar taragu ya tsallakar da su Kwara.

In ana ba da wannan labari akan ambaci sunan gwamna da na injiniya a wuce. Ni ba zan wuce ba. Waɗanda suka sare dajin, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta a kwando bisa kai, kakanninmu ne. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗebo su daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba, wasu kuma an raba su da gona a lokacin da gona ke neman mai ita. Ana biyansu da kuɗin Bature, kuɗin da kuma da shi ne za su juya su biya haraji. Saboda haka tudun ƙasar nan da dogo ke kwance a kai, wanda yau muke zuba wa shara, gumin mutanen ƙasar nan ne.

A lokacin, hedikwatar Arewa tana Zungeru tun 1902. Wurin bai yi wa Turawa daɗi ba: ga zafi, ga sauro, ga ƙunci. Da gwamna Lugard ya dawo Najeriya a 1912, sai idonsa ya faɗa kan wannan mashigi inda dogo ya tsallake kogi. Akwai ruwan sha, akwai fili iya ganinka, babu tsohon birni mai ganuwa da zai takura masa wajen zana gari yadda yake so, ga kuma jirgi da zai kai soja Kano ko Legas cikin hanzari. Sojoji ne suka fara tarewa, ma'aikatan gwamnati suka biyo baya, zuwa 1917 Kaduna ta zama hedikwatar Arewa. Ku lura da kyau, masu sauraro: ba a kawo jirgi Kaduna don akwai gari ba. An kawo gari ne don akwai jirgi.

Bayan shekara goma sai ga dogo na biyu. Wannan daga Fatakwal ya taso, saboda kwal ɗin da aka samu a Inugu, wanda shi ne abincin kawunan jirgi na wancan zamani. Ya isa Inugu a 1916, ya hauro ta Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna a 1927. Mahaɗar tana tsallaken kogi ta kudu, shi ya sa ake kiran babbar tashar can Kaduna Junction. A wannan tsallake namu kuma akwai tashar Kaduna ta Arewa. Daga nan Kaduna ta zama wurin da mutumin Ibadan, da na Aba, da na Kano, kowa zai iya sauka daga jirgi ɗauke da akwatinsa ya ce ya zo neman aiki. Sauran rassa suna ta fita a kewaye: Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, can daga baya kuma layin Maiduguri da aka kammala a 1964. Har akwai wani ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957.

In kana so ka ga hannun jirgi a jikin Kaduna, ba sai ka buɗe littafi ba. Karanta allunan tituna a tsakiyar gari: titin Legas, titin Ibadan, titin Yarbawa, titin Kano, titin Katsina. Waɗannan sunaye shaida ce ta irin mutanen da suka cika garin tun yana jariri, akawu da kafinta da makaniki da ɗan tireda da lebura, kuma akasarinsu dogo ne ya kawo su. Turawa sun ware wa kansu unguwa, suka bar fili fetal tsakaninsu da 'yan ƙasa, wanda a ƙa'idarsu ta lokacin yadi 440 ne, wai don gudun sauro. Sabon Gari ta zauna a gefe ɗaya na dogo, Tudun Wada ta zauna a ɗaya gefen. Dogo ya zama iyaka, ya kuma zama igiyar da aka jera unguwanni a jikinta. Shi ya sa Kaduna ba ta yi zagaye kamar Kano ba. Miƙewa ta yi, doguwa siririya, daga kudu zuwa arewa.

Masana'antu ma dogo suka bi. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957 zamanin Sardauna, ba a banza aka ajiye ta kusa da mahaɗar jirgi ba. Auduga za ta sauko daga ƙasar Katsina da Zazzau, injuna za su hauro daga bakin teku. Wasu masaƙun suka biyo, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. A 1967, shekara 50 da zaman garin hedikwata, wani masanin tsara birane ɗan Ingila mai suna Max Lock ya fitar da babban tsarin Kaduna, yana hangen yadda za ta kasance har zuwa 2017. Shekarar da ya hango ta zo ta wuce, garin kuma ya zarce duk inda aka yi zato.

To, a nan gizo ke saƙar.

Wannan dogo da ya haifi Kaduna ba don mutanen Kaduna aka shimfiɗa shi ba. An yi shi ne don gyaɗa, da auduga, da fatu, da kuza su isa bakin teku, kayan Ingila kuma su hauro, soja ya isa inda ake buƙatarsa. Dubi taswirar dogon Najeriya ta da, za ka ga layuka biyu ne suka sauka teku, ɗaya Legas ɗaya Fatakwal, sauran duk rassa ne masu kai musu kaya. Da jirgi ya isa Kano, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka rungumi cinikin gyaɗa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dalar gyaɗar da ake ta yi mana kwatance da ita, asalinta buhuna ne da suka taru suna jiran tarago. Duk wannan kaya ta gabanmu yake wucewa, mu namu kallo.

Jirgin da aka yi don irin wannan aiki yana da siffarsa. Layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, sai ɗaya ya raɓe a tasha ɗaya ya wuce. Tashoshi nesa da juna suke. Jirgin fasinja kuwa ba kullum ba, kuma na doguwar tafiya ne. Jirgin cikin gari wani abu ne daban. Shi yana son layi biyu, tasha a kowace babbar unguwa, da jirgi bayan jirgi, yadda in ka rasa na ƙarfe bakwai ba za ka yi asarar yininka ba. Landan ta buɗe nata na ƙarƙashin ƙasa tun 1863. Legas ta yi wani ɗan jirgin cikin gari daga 1902 zuwa 1933, daga baya kuma jirgin da ke tashi daga Iddo ya riƙa kwasar ma'aikata ta Agege zuwa bayan gari. Ma'aikacin masaƙa da ke zaune a Tudun Wada kuwa, ƙafarsa ce jirginsa, in ya yi ƙarfi ya sayi keken Raleigh. Yana tafe kan keke, dogo na gefensa, dukansu Kakuri suka nufa, amma babu abin da ya haɗa su.

Ba ina cewa jirgin bai amfane mu ba. Ya amfane mu ƙwarai. Ku tambayi iyayenmu da suka ga wancan zamani, za su gaya muku aikin reluwe aiki ne da ake ba mutum mata saboda shi. Akwai gidajen ma'aikata, akwai asibiti, akwai fansho. Ma'aikatan jirgi ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda ya haura kwana 40, da Michael Imoudu a gaba. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ministan sufuri. A 1964 jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Tasha a lokacin gari ce sukutum: ga 'yan dako, ga masu abinci, ga mai shayi da ba ya barci, ga matafiya shimfiɗe da tabarma suna jiran jirgin da aka ce yana Minna. Ni kaina na riski wutsiyar abin. Muna yara, in muka ji kukan jirgi sai mu ruga mu tsaya muna ƙirga taragu, gardama ta kaure a kan ko 28 ne ko 30. Mukan kuma ɗora ƙusa a kan ƙarfe, jirgi ya bi ta kai ya mai da ita 'yar wuƙa. Yaran da ke saurare, wannan ba abin koyi ba ne, mu ma mun sha bulala a kai.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin gabas. Kuɗin man fetur suka shigo, aka zuba su a titunan mota, tirela ta ƙwace kayan da tarago ke ɗauka. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka rushe dala. Aka ɗauko Indiyawa su riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Zuwa 2003 fasinjan shekara guda bai kai miliyan 2 ba, a ƙasar da jama'arta suka ninka. Kukan jirgi ya yi wuya a Kaduna. Da jama'a suka ga dogo ya yi shiru, sai mai tumatir ya matso da tirensa, mai shago ya ƙaro rumfa, mai gida ya ƙaro ɗaki, mai shara ya sami juji.

Abin mamaki, a daidai lokacin da jirgin ke mutuwa ne garin ya fi buƙatarsa. Kaduna ta tsallake Kawo ta nufi Rigachikun, ta tsallake Kakuri ta nufi Sabon Tasha da gaba. Sannan rikice-rikicen 2000 da 2002, Allah kada ya maimaita mana, suka sa mutane da yawa suka sauya unguwa, wasu suka hauro arewacin kogi, wasu suka koma kudu. Amma wurin aiki bai ƙaura ba, kasuwa ba ta ƙaura ba. Kullum safiya dubban mutane na tsallaka ruwan nan, da yamma su sake tsallakawa, duk a matse cikin bas da Keke Napep, alhali gadar jirgi na nan a gefe, sau da yawa wayam.

An taɓa gwadawa. Zamanin gwamna Namadi Sambo, tsakanin 2007 da 2010, gwamnatin jiha ta haɗa hannu da hukumar jiragen ƙasa aka sa jirgin fasinja mai araha a kan tsohon layin. Waɗanda suka hau shi sun san daɗin kuɗinsa. Bai ɗore ba. Ni a ganina ba wai mutanen Kaduna ba sa son jirgi ba ne. Ka ɗauki layi ɗaya da aka shimfiɗa don buhunan gyaɗa, da tsohon kan jirgi, da mararrabu barkatai inda mota da babur da mai tura baro kowa ke kutsawa, ka ce zai yi aikin jirgin birni, ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ma'aikaci yana iya haƙuri da cunkoso, yana iya haƙuri da zafi, amma ba zai iya haƙuri da abin hawan da bai san lokacin zuwansa ba, domin shi ofis ba ya jira. A ƙarshen 2012 kuma an dawo da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyaran layi, tafiyar da ta haura kilomita 1,100, wadda kan ci fiye da kwana guda.

[Ɗan kiɗa]

Idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan tarihin dogo da tashoshin jirgi a garin Kaduna.

Sai mu zo Rigasa.

Ranar 26 ga Yuli, 2016, shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, da rancen dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin Sin a cikin kuɗin aikin, kuma tun zamanin gwamnatocin baya aka faro shi. Tashoshi tara ne, cikinsu akwai Kubwa, da Jere, da Rijana, da Kakau. Da hanyar mota ta Abuja ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, sai jirgin ya zama mafita, har manyan da a da ba sa kallon jirgi suka dawo suna neman tikiti. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tare shi da dare a wajajen Katari, suka kashe mutane, suka sace gommai. Na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: me ya hana jirgin Abuja ya ƙaraso cikin gari, tunda ga dogo har bakin kasuwa? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu. Tsohon dogo faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Turawa sun zaɓe shi don ya fi araha, kuma yana iya shan kwana a matse. Sabon kuwa milimita 1,435 ne, irin wanda akasarin ƙasashen duniya ke amfani da shi, ya fi ɗaukar gudu da nauyi. Ƙafar jirgin Abuja ba za ta zauna kan tsohon dogo ba, kamar yadda takalmin uba ba ya zama a ƙafar ɗa. Saboda haka yau Kaduna na da dogo iri biyu da ba sa ga maciji da juna: ɗaya a tsakiyar jama'a ba jirgin kirki, ɗaya da jirgi amma a gefen gari.

Rigasa ta ci moriya, babu musu. An gyara titi, filaye sun yi daraja, masu abinci da masu abin hawa sun samu. Amma mutumin Kawo ko Malali da zai kama jirgin safe ya san abin da yake sha kafin ya isa tasha, na Barnawa da Sabon Tasha kuwa ba a magana. Wani lokaci wahalar isa Rigasa ta fi ta isa Abuja. Wato mun sake maimaita abin da aka yi a 1911, an yi dogo don haɗa Kaduna da wani gari, ba a yi wanda zai haɗa Kaduna da kanta ba. Layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, da na Kano zuwa Maraɗi, su ma na doguwar tafiya ne. In sun kammala, mutanen da za su riƙa sauka a Kaduna ƙaruwa za su yi, kuma kowannensu sai ya nemi abin da zai shigar da shi gari.

Maganar jirgin cikin gari ba sabuwa ba ce. Gwamnatin Nasiru El-Rufai ta fito da shirin, gwamnatin Uba Sani ta sake ɗauko shi. Abin da ake faɗa shi ne layi biyu: ɗaya daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, ɗaya daga Millennium City zuwa Rigasa. A takarda tsarin ya yi ma'ana, domin na farko ya bi tsawon garin, na biyu ya ratsa shi a kwance ya kai ga tashar Abuja. Ni dai ɗan Kaduna ne, na ji alkawari iri-iri, sai na ga tarago da idona zan yi guɗa. Amma akwai darasi biyu a ƙasar nan da ya kamata duk mai wannan aiki ya duba.

Na farko Abuja. An buɗe jirgin cikin garinta a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a 2024. Tashoshi masu kyau, amma da yawansu nesa da inda talaka ke kwana, wasu ma da farko babu hanyar kirki da za ta kai ka. Na biyu Legas. Jan layinta da aka buɗe a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, bai nemi sabuwar hanya ba. Filin dogon da ke nan tun zamanin Turawa ya bi, inda jama'a suka riga suka taru, aka gina gadojin sama a manyan mararrabu don mota ta bi ta sama jirgi ya bi ta ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne nake ganin Kaduna ta yi sa'ar da ba kowane gari ya yi ba. Abin da ya fi tsada a aikin jirgin birni sau da yawa ba ƙarfe ba ne, ba tarago ba ne. Hanya ce. Ka samo zirin fili miƙaƙƙe da ya ratsa tsakiyar gari, ba tare da ka rushe dubban gidaje ka biya diyya ba. Wasu biranen sai sun haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, wasu sai sun kafa ginshiƙai a sama. Mu kuwa kakanninmu sun riga sun share mana shi da hannunsu shekara ɗari da wani abu da suka wuce, garin kuma ya zo ya jeru a gefensa. Ƙarafan sun tsufa, ana iya sauya su. Filin ne ba a sake samun irinsa.

Mu yi ɗan lissafi na kanmu. A ce tarago ɗaya ya ɗauki mutum 80, jirgi ya ja taragu 10. Mutum 800 ke nan a tafiya guda. Bas mai cin mutum 18 sai ka jera sama da 40 kafin su kwashe su. Ka hango bas 40 sun ragu a kan titin Ahmadu Bello da ƙarfe bakwai na safe. Direbobinmu kada su ji tsoro, jirgi ba ya shiga lungu. Wanda ya sauka a tasha sai ya nemi mai kai shi gida, kuma gajeriyar tafiya mai yawa ta fi doguwa guda cikin cunkoso riba.

Sai dai filin nan ana cinsa kullum, taku bayan taku. Yau rumfa ce, gobe bulo, jibi bene. Malam mai sayen fili, in aka nuna maka wuri a jikin dogo da araha, tambayi kanka dalilin arahar. Filin da ke gefen layi na hukumar jiragen ƙasa ne, takardar da wani zai rubuta maka a kai ba za ta tsayar da katafila ba ranar da aka tashi aiki. Masu unguwanni, iyayenmu, ku ne kuka san wanda ya sayar da wanda ya saya, hannunku ake nema a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka masu kwance ƙarafa da ƙusoshin dogo da dare su kai wa 'yan gwangwan, da masu saye suna sane: ƙarfe ɗaya da aka zare yana iya kifar da taragon da ɗan'uwanka ke ciki.

Ina da magana kuma da 'yan'uwanmu masu kasa kaya a kan layi. Na san ba don jin daɗi kuke zaune a wurin ba, neman halak ne, kuma rumfa a cikin kasuwa ba ta samuwa da sauƙi. Duk gwamnatin da za ta tashe ku, haƙƙi ne a kanta ta fara nuna muku inda za ku koma. Amma ku sani, shirun dogo ba mutuwarsa ba ce. Jirgi na iya ɓullowa ranar da ba a zata ba, kuma shi ba mota ba ne. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, da nauyin ɗaruruwan tan a bayansa, ko direba ya hango ka ya taka birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. 'Yan samari masu tafiya tsakiyar layi da abin jin waƙa toshe a kunne, da masu babur da ke cewa bari in yi wuf in wuce, da ku nake. Iyaye mata, a riƙa jan kunnen yara masu zuwa makaranta ta kan dogo su tsaya, su duba dama da hagu, su saurara.

Wanda yake da hali, wata ranar Asabar da safe ya kama hannun ɗansa su je inda layin ya ratsa unguwarsu. Ya nuna masa ƙarafan, su auna tazararsu da taku, ya nuna masa ta ina Zariya take, ta ina Minna take. A jikin wasu tsofaffin ƙarafan, in aka goge tsatsa, akan ga shekarar da aka ƙera su. In kun ga wata shekara da ta ba ku mamaki, ku aiko mana, za mu karanta a fili.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau wannan dogo mu nufi Zariya, mu ga yadda tasha ta haifi Sabon Garinta.  

[Kiɗan rufe shiri]